'Yar Sansani da Ɗan Gari

"Ke nake wa magana, Tosmina! Ɗago ki dube ni!"

Ledar dashen da ke hannun Tosmina ta suɓuce, ƙasa ta watse a kan ƙafafunta. Matan da ke ƙarƙashin rumfar lambun, na gari da na sansani, duk suka tsaya cak da aikin cika ledoji.

"Khala..." ta ce.

"Kada ki ƙara ce mini Khala! Ni ba 'yar'uwar uwarki ba ce."

Khala Rehana ce, mahaifiyar Mizan, tsaye tana haki, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, leɓɓanta jajir da ganyen pan da take taunawa kamar goro.

"Da me na rage ku? Ranar da kuka tsallako kogin Naf, tsamo-tsamo da ruwa, ko takalmi babu, a tsakar gidan wa kuka kwana? Tukunyar wa kuka ci? Kun cinye mana daji, kun shanye mana rijiya, gonar mijina tana ƙarƙashin bukkokinku har baƙin ciki ya kashe shi. Duk bai ishe ku ba? Ɗa guda da ya rage mini shi ma sai kin ɗauke?"

"Wallahi Khala ban..."

"Rufe mini baki! Kin san hukuncin ɗan ƙasa da ya auri 'yar Rohingya? Kurkuku! So kike in mutu ɗana yana ɗaure?"

Tosmina ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannayenta da suka yi dumu-dumu da laka. Ba zagin ne ya fi yi mata ciwo ba. Ciwon shi ne babu ƙarya a cikin maganar. Tana 'yar shekara goma sha biyu matar nan ta tsefe mata kai da hannunta, ta shafa mata man kwakwa, tana kuka tana cewa, "Ku 'yan'uwanmu ne, gidan nan gidanku ne."

Shefali ce ta taso da sauri, 'yar ƙanin Khala Rehana, ƙawar Tosmina ta kusa a duk lambun. Ta riƙe hannun dattijuwar.

"Haba Fufu, gwaggona, a gaban mutane? Zo mu tafi gida, don Allah."

Tana jan ta, ta waiwayo ta yi wa Tosmina kallon tausayi.

Wata ƙungiya ce ta buɗe lambun a bakin wayar da ta kewaye sansanin Balukhali, wai idan mutanen gari da 'yan gudun hijira suka haɗa hannu suka mayar da itatuwan da aka sare a kan tuddai, zukata za su yi sanyi. Da farko kowane ɓangare gefensa yake zama. A hankali aka fara musayar busasshen kifi da barkono, aka fara dariyar yadda kowa ke lanƙwasa harshe. Mizan shi ke kwasar dashen a tomtom ɗinsa, keken haya mai ƙafa uku, ya kai gindin tudu. A nan ya sake ganin yarinyar da ta taɓa zama a gidansu, ta zama budurwa. Daga ranar, sawu ɗaya da ya saba yi ya koma uku.

Da yamma ya same ta a bayan tankin ruwa tana wanke hannu.

"Tosmina..."

Ba ta juyo ba.

"Raina, dube ni mana. Na ji abin da Amma, mahaifiyata, ta yi. Ki yafe mata, ki yafe mini."

"Me zan yafe? Gaskiya ta faɗa."

"Wace gaskiyar? Ke kika sare dajin? Ke kika ƙone ƙauyenku kika koro kanki?"

"Mizan Bhai, ka tafi."

"Yau kuma Bhai na koma, wai yayanki?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Jiya fa har cewa kika yi kunnuwana kamar na jemage."

Dariya ta so kubce mata, sai kuka ya riga ta. Ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ina za mu je da wannan son? Gaya mini! Ni ba ni da ƙasa. Can sun ce ba tasu ba ce, nan sun ce ba tasu ba ce. Ko asibitin gari zan je sai an ba ni izini. Idan na haifa maka ɗa, ɗan ina ne?"

"Ɗana ne."

"Mizan..."

"Ɗana ne na ce! Kuma ke tawa ce. Akwai wani malami a garin Ramu, abokin mahaifina. Na yi masa magana, zai ɗaura mana aure. Hukuma ba ta sani ba, Allah ya sani. Daga can mu wuce Chattogram, birni ne babba, wa zai tambaye ki daga ina kike?"

"Mahaifiyarka fa?"

Ya kawar da kai wajen tuddan da suka yi tsirara.

"Za ta huce. Ranar da ta ga jika za ta huce."

Tosmina ta girgiza kai. Amma zuciyarta, wadda ba ta jin magana, ta riga ta fara ƙawata mata wani ɗaki mai ƙofar katako, wanda iska ba ta ɗaga rufinsa.

Labari ya riga ta isa gida. Tana ɗaga labulen buhu ta tarar da yayanta Ayas zaune a kan tabarma, fuska a murtuke, mahaifiyarsu a lungu tana jan carbi.

"An ce yau an wanke ki tas a gaban matan gari."

"Bhai, ni..."

"Kin ji daɗi? Kin ƙara musu abin faɗa! Dama ɓarayi suke ce mana, masu safarar ƙwaya, yanzu kuma masu satar maza."

"Mizan ba haka yake ba."

"Mizan! Mizan!" Ya miƙe har kansa ya taɓa gorar rufi. "Na san Mizan, tare muka yi ƙwallo. Yaron kirki ne, na yarda. To sai me? 'Yar gidan Hamid ba ta auri ɗan gari ba? Ina take yau? Ya gaji ya koro ta da ciki, ba takarda, ba kotun da za ta saurare ta. Idan ya sake ki wa za ki kai wa ƙara? Ni? Ni da ko ƙofar sansani ba na iya fita?"

Mahaifiyar ta ɗago, a sanyaye.

"Tosmina, 'yata... mutanen nan sun yi mana alherin da ba za mu iya biya ba. Kada ki sa su yi da-na-sanin buɗe mana ƙofa."

"Amma, ni ba mutum ba ce? Zuciyata ma sai an ba ta izini?"

Ruwan damina ya fara dukan tamfol, a hankali, sannan da ƙarfi.

Kwanaki ta yi tana guje wa Mizan. Ta rame, idanunta suka faɗa. Shefali ce kaɗai ke zama kusa da ita a lambun.

"Apa, yayata, kin ga yadda kika koma kuwa? Shi ma can ko abinci ba ya ci."

"Me kike so in yi, Shefali?"

Shefali ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Ya gaya mini maganar Ramu. Ni 'yar'uwarsa ce, ba ya ɓoye mini komai. Ki bi shi. Fufu faɗa ne da ita, amma zuciyarta taushi gare ta, ni zan lallashe ta."

"Shingen 'yan sanda fa?"

"Wannan ne matsala?" Ta yi dariya. "Zan kawo miki kayana, riga da wando da koren mayafina mai zare. Idan kin sa, ko ni sai na rantse 'yar garinmu Ukhiya ce ke. Ki dai yi shiru a hanya, kada wannan harshen naki ya tona ki."

Tosmina ta riƙe hannunta gam.

"Me ya sa kike yi mini duk wannan?"

"Saboda ina son Mizan Bhai ya samu abin da ya dace da shi."

Tosmina ba ta ji komai a cikin maganar ba sai ƙauna.

Ranar Alhamis da hantsi, ta canza kaya a bayan tankin ruwa, ta shige tomtom ɗin Mizan ta zauna tsakanin ledojin dashe. Da suka hau babban titi ya dube ta ta madubi.

"Amaryata... kin yi kyau."

"Ka dubi gabanka kada ka zubar da mu."

"In na zubar da mu ai tare muka faɗi."

Ta yi murmushi cikin mayafi. Iska na kaɗa ta, gonakin shinkafa na wucewa kore shar, ba wayar shinge, ba layin karɓar abinci. Tunda ta zo ƙasar nan ba ta taɓa jin ƙirjinta ya buɗe haka ba.

A shingen, motoci sai wucewa suke ba a tsayar da su. Suna isowa wani ɗan sanda ya fito tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Bai ko kalli Mizan ba. Kai tsaye ya leƙo baya.

"Koren mayafi mai zare," ya ce da abokin aikinsa. "Ita ce." Ya juyo gare ta. "Tosmina daga Balukhali, ko? Sauko."

Duniya ta juya mata. Mutum ɗaya ne tak ya san launin mayafin nan.

Aka shigar da su rumfar kwano. Babbansu ya zauna yana kaɗa ƙafa.

"An sanar da mu wani direba zai fitar da yarinya daga sansani. Ko safararta zai yi, ko aurenta. Duk wanne ne, zai daɗe bai ga titi ba. Ke, mene ne tsakaninki da shi?"

Tosmina ta dubi Mizan. Yana yi mata murmushi, wai kada ta ji tsoro. Ta tuna Khala Rehana ita kaɗai a wancan gida.

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

"Tosmina!"

"Ban san shi ba. A hanya na tare shi, na ce masa ni 'yar gari ce zan je ganin dangi. Ni na yaudare shi."

"Ƙarya take!" Mizan ya zaburo, aka danne shi. "Ƙarya take yi don ta cece ni! Aurenta zan yi! Ku rubuta, aurenta zan yi!"

"Ka yi shiru, bawan Allah!" ta faɗa da ƙarfi, hawaye na kwaranya. "Wa ya san ka? Wa zai aure ka?"

Babban ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya saki ajiyar zuciya kamar wanda ya gaji da irin wannan.

"Ita a mayar da ita sansani. Shi a wuce da shi ofis."

Kafin la'asar labarin ya kasu biyu. A gari aka ce 'yar Rohingya ta yi wa ɗansu asiri ta jefa shi a kurkuku. A sansani aka ce ɗan gari ya sace musu yarinya zai sayar. Washegari samari suka haɗu a bakin waya, duwatsu suka yi ta tashi, aka fasa wa mutum biyu kai. Wasu, har yau ba a san na wane ɓangare ba ne, suka shiga lambun suka tattake dashen da mata suka yi wata da watanni suna raino. Ƙungiyar ta rufe wurin, ta ce sai abin da hali ya yi.

Tosmina ba ta ƙara leƙa waje ba. Matan layinsu idan sun zo wucewa sai su ɗaga murya.

"Saboda mutum ɗaya an toshe mana hanyar abinci."

"Ai idon wata a kan mazan gari yake."

Ayas bai dake ta ba, bai ko zage ta ba. Shirunsa ya fi duka zafi.

Ana cikin haka, wata safiya, aka yi sallama a ƙofar bukkarsu. Muryar ta sa Tosmina miƙewa zumbur.

Khala Rehana ce. Shekaru tana maƙwabtaka da sansanin, ba ta taɓa taka cikinsa ba sai yau. Ta tsaya tana kallon ɗakin: tabarma biyu, tukunya ɗaya, bokitin da aka tara wa yoyo. Ta dubi mahaifiyar Tosmina, wadda ta tsufa fiye da shekarunta.

"Nan kuke?" ta ce a hankali. "Duk shekarun nan... nan kuke?"

"Nan muke, Apa. Shigo ki zauna."

Ta zauna a ƙasa. Sannan ta juyo ga Tosmina.

"An gaya mini abin da kika faɗa a shinge. Kin ɗora wa kanki laifi don ɗana."

Tosmina ta sunkuyar da kai.

"Shefali ta zo ta faɗi a ƙafafuna tana kuka. Tun suna yara take son sa, ni ma na so haɗa su. Ta ɗauka ke kaɗai za a kama." Ta share ido. "Na kore ta. Amma korarta ba ta buɗe ƙofar da aka kulle shi ba."

"Yaya yake, Khala?"

Wannan karon ba ta hana ta kiran ba.

"Ya ƙi janye maganarsa. An ce masa ya ce bai san ki ba a sake shi, ya ce gara ya ruɓe a ciki. Dattawan gari sun sa baki, an ce in dai an tabbata maganar aure ta mutu, za a rufe zancen. Amma muddin kina nan, Tosmina, ba zai daina ba. Na san abin da na haifa."

Ta kamo hannayen yarinyar biyu, ta ɗora a goshinta.

"Ban zo da faɗa ba. Roƙo na zo yi. Da duniya ta bar mu yadda muke ranar da kuka zo, wallahi da kaina zan zo neman masa aurenki. Amma ni tsohuwa ce, shi kaɗai gare ni..."

Ayas, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Ana rubuta sunayen masu son komawa tsibirin Bhasan Char. Dama ina tunani. Nan ba zama gare mu kuma."

Kowa ya san tsibirin. Ruwa gaba, ruwa baya, wanda ya je ba ya dawowa don ya ga dama.

Duk suka zuba wa Tosmina ido.

"Ka sa sunana, Bhai," ta ce.

Khala Rehana ta fashe da kuka, ta rungume ta. Tosmina ba ta yi kuka ba. Ji ta yi kamar an kwashe duk abin da ke cikin ƙirjinta an bar fanko.

Sai da motocinsu suka bar Ukhiya, jirgin ruwa ya sauke su a tsibirin, sannan aka saki Mizan. Ya je Balukhali a guje, ya tarar da wasu mutane a bukkar, suna shanya kayansu.

Damina ta wuce, wata ta zo. A tsibirin gidajen na siminti ne, jere reras masu jan rufi, rufin ba ya yoyo. Tosmina tana ɗinki a wani ɗakin mata, ta dawo ta dafa shinkafa, ta kwanta. Masu neman aure suka zo, ta ce a'a, har Ayas ya gaji ya daina kawo maganar.

Wata rana da la'asar Ayas ya miƙo mata wayarsa, bai dube ta ba.

"Mizan ya dame ni da kira. Ki gaya masa ya haƙura."

Ta karɓa, ta hau kan tudun da aka gina don tare teku, inda magana ta fi fita.

"Tosmina?"

Ta zauna a kan ciyawa.

"Raina, ke ce? Yi magana in ji!"

"Ni ce."

"Kika ce ba ki san ni ba."

"Kai kuma ka kasa yin shiru na minti ɗaya. Kullum bakinka..." Muryarta ta karye.

Ya yi dariya mai haɗe da kuka.

"Ina Chattogram. Na sayar da tomtom, na ɗauko Amma, ina dako a tashar jiragen ruwa. Na nemi izinin zuwa tsibirin, sun hana. Na sake nema, sun hana. Zan ci gaba da nema."

"Khala tana lafiya?"

"Ƙafa ke damunta. Kullum sai ta ambace ki a sallah."

"Mizan, ka yi aure."

"Kada ki fara."

"Ka yi aure, ka ba ta jikan da take so. Ni ba fita zan yi ba, kai ba shigowa za ka yi ba. Ko sun bar ka ka zo, sai me? Dokar tana nan."

"Doka tana canzawa."

"Tun ina yarinya ake ce mana gobe za mu koma gida."

Tana jin ƙarar jirage da hayaniyar 'yan dako a bayansa.

"Me kike gani yanzu?" ya tambaya.

"Ruwa."

"Ni ma ruwa nake kallo. Shi ne dai wannan ruwan, Tosmina. Zan jira."

"Kada ka jira."

"Zan..."

Maganar ta yanke. Ta duba wayar, ta ɗaga ta sama, ta matsa gaba har bakin gangaren. Babu komai.

Ta mayar da ita kunnenta duk da haka.

"Ina son ka, Mizan," ta ce. "Ban taɓa gaya maka da bakina ba. Ina son ka."

Ta jima a tsaye, iska na kaɗa mayafinta. Da aka kira magariba ta goge fuska, ta sauko, ta miƙa wa Ayas wayarsa.

"Idan ya sake kira," ta ce, "ka ce masa an yi mini aure."